Wane harsashi ya dace da farautar elk?

Alhaji Sallau, Aboabo:
Salamu alaikum jama'a. Ɗana da ke Kolorado a Amurka ya gayyace ni farautar elk, wata irin babbar barewa, a watan Oktoba. Ni a nan Kumasi iyakata bindiga mai baki ɗaya da harsashin BB, akrantie (babban ɓeran daji) da zabin daji nake harbi. Ya ce namijin elk yakan haura kilo 300, ya fi gwankin dajin Mole girma. Bindigogi biyu gare shi, .30-06 da .300 Winchester Magnum, ya ce in zaɓa. Damuwata ɗaya ce: kada in raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale. Wacce zan ɗauka, da wane harsashi?

Ɗanlami, Asawase:
Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Ku ɗauki .30-06 da harsashi mai nauyin giren 180. Magnum ɗin ta fi ƙarfi, gaskiya ne, amma naushinta a kafaɗa ba wasa ba ne. Wanda bai saba ba, tun kafin ya ja kunama jikinsa ya fara ɗar-ɗar, sai harbi ya karkace.

Abin da nake so ku kula da shi sosai ƙirar harsashin ce. Mai laushi yakan tarwatse a ƙashin kafaɗa bai kai huhu ba, kuma wannan ne ke jawo abin da kuke tsoro. Ku nemi Nosler Partition, tun 1948 ake yin sa. Kansa yana buɗewa, amma akwai shinge a tsakiya da ke riƙe dalmar baya, ita ce ke ci gaba da ratsa nama. Barnes TTSX na jan ƙarfe zalla shi ma yana ratsawa. Ku auna bayan kafaɗa kaɗan.

Awudu, Nima:
Dokar Kolorado ta ce harsashin elk kada ya gaza giren 85, faɗin bakin bindiga kuma kada ya gaza inci .24, to duka biyun sun wuce. Amma Alhaji, sai da lasisi da shaidar kwas ɗin mafarauta. Sai yaron ya fara nema muku tun yanzu.

Malam Tanko, Sabon Zango:
Alhaji, a yi bisimilla lokacin harbi. In an tarar da ita da sauran rai, a yanka.

Alhaji Sallau:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ɗanlami, na gaya masa ya sayi Partition kwali biyu, ɗaya na gwaji a filin harbi, don ban taɓa harbi da madubin kan bindiga ba. Daga mita nawa ya kamata in fara?