Neman shawara: na canza na'urar sanyaya furosesa, kwamfutata ta fara ba da matsala

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum, 'yan uwa na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa kwamfutar tebur. Furosesata, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, Ryzen 5 3600 ce ta kamfanin AMD, madabod ɗin, wato babban allon da ake jona komai a kansa, na jerin B450 ne mai soket (mazaunin furosesa) AM4, sannan akwai RAM, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, sanda biyu, kowacce 8GB, nau'in DDR4 mai gudun 3200. Sana'ata haɗa bidiyon bukukuwa, kuma tun da aka shiga zafin bazara nake ganin furosesar tana haura digiri 90 idan ana fitar da bidiyo, fankarta tana ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saboda haka na cire ƙaramar na'urar sanyayawa da ta zo tare da furosesar, na ɗaura wata doguwa mai bututun jan ƙarfe huɗu da fanka mai faɗin milimita 120.

Tun daga lokacin abubuwa suka rikice. Da na fara kunnawa babu abin da ya fito a sikirin, sai wata ƙaramar fitila mai rubutun DRAM, wadda ke nuna matsalar RAM, ta tsaya a kunne a jikin madabod. Na zare RAM na mayar, kwamfutar ta tashi, amma Windows yana nuna 8GB kawai ake amfani da shi. Kafin ta shiga Windows kuma sai ta tsaya da saƙon "CPU Fan Error", sai na danna F1, alhali ina ganin fankar tana juyawa. Abin da ya fi damuna shi ne zafin bai sauka ba: tana zaune a kusan digiri 60 ba tare da wani aiki ba, da na fara fitar da bidiyo kuma sai ta wuce 90. Ƙarin bayani, lokacin da na ɗago tsohuwar na'urar, furosesar ta biyo ta a manne, na raba su, na ɗaga sandar soket na mayar da ita. Shin sabuwar na'urar ce ba ta da kyau in mayar wa mai shago, ko kuwa akwai abin da zan duba?

Mai gyaran kwamfuta, daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi gaggawar mayar da kaya, domin na'urar sanyayawa irin wannan ƙarfe ce da fanka kawai, kuma da wuya a same ta a lalace tun daga kwali. Matsaloli uku ka lissafa, kuma a ganina kowacce da tata sanadin. Bari in fara da mai sauƙi. Saƙon fanka yana fitowa ne idan madabod bai ga alamar juyawa a mazaunin da aka rubuta wa CPU_FAN ba. Mutane da yawa suna jona wayar sabuwar fanka a CHA_FAN ko SYS_FAN, wato mazaunin fankar akwati, domin ya fi kusa da hannu, fankar za ta yi ta juyawa, amma madabod zai ɗauka furosesa ba ta da fanka. Ka bi wayar da ido ka ga inda ta shiga. Idan a CPU_FAN take, to ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka duba iyakar gudun da aka sa domin gargaɗi, saboda babbar fanka tana juyawa a hankali fiye da ƙarama, wani lokaci gudunta yana faɗuwa ƙasa da iyakar sai a ɗauka ta tsaya. A nan ne kuma za ka zaɓi salon sarrafa gudun fanka, PWM idan wayar mai ƙafa huɗu ce, ko DC idan mai ƙafa uku ce.

Wata mai kula da kwamfutocin makaranta, daga Kaduna

Malam, kafin a yi nisa, ka cire siririyar ledar da ke manne a ƙasan sabuwar na'urar, wato wajen da yake taɓa furosesa? Tana da haske sosai, ba kowa yake lura da ita ba, kuma idan aka bar ta zafin yana yin daidai yadda ka bayyana.

Mai tambaya

Na gode, Malama. Na cire ledar, tana nan ma a cikin kwali. Malam na Zariya kuwa ya yi gaskiya, wayar tana CHA_FAN ne, na mayar da ita CPU_FAN, saƙon ya daina fitowa. Saura RAM da zafi.

Injiniya, daga Abuja

Ɗan'uwa, maganar da ka kawo a ƙarshe a matsayin ƙarin bayani ita ce mafi muhimmanci a duk tambayarka, kuma ina ba ka shawara ka kashe kwamfutar har sai ka duba ta. A soket AM4 ƙafafun suna jikin furosesa ne, guda 1,331, sirara ƙwarai, kuma suna shiga ramukan soket ne a sake, sai an kwantar da sandar gefe sannan soket ya riƙe su. Idan man ɗaukar zafi da ake shafawa tsakanin furosesa da na'urar sanyayawa ya daɗe ya bushe yana kama ƙarfen biyu, sai a fizgo furosesa alhali soket yana kulle. Sau da yawa ana tsira lafiya, amma wani lokaci ƙafa ɗaya ko biyu suna lanƙwashewa, ko wajen fitar, ko kuma lokacin da mutum yake ƙoƙarin raba ta da na'urar a hannunsa.

Dalilin da ya sa nake danganta wannan da RAM shi ne, sashen da ke sarrafa RAM yana cikin furosesa ne, ba a madabod yake ba, kuma ƙafafu masu yawa daga cikin waɗancan su ne suke haɗa ta da ramukan RAM ta hanyoyi biyu, A da B. Idan ƙafa ɗaya ta hanyar B ba ta taɓa inda ya kamata ba, duk sandar da ke wannan hanyar za ta ɓace, ko Windows ya gan ta amma ya kasa amfani da ita. Kwamfutar da take aiki da 16GB jiya, yau ta koma 8GB bayan an taɓa furosesa, da wuya a ce RAM ɗin ne ya mutu a daidai wannan ranar.

Ga gwajin da zai raba maka gardama ba tare da ka sayi komai ba. Ka ɗauki sanda ɗaya ka sa a rami na biyu daga furosesa, wato A2, ka kunna, sannan ka canza ta da ɗayar a ramin dai. Idan duka biyun sun tashi, RAM ɗinka lafiya yake. Daga nan ka sa sanda ɗaya ita kaɗai a rami na huɗu, B2. Idan a nan ne fitilar DRAM take tsayawa, to matsalar tana tsakanin furosesa da soket. Kowane lokaci ka zare wayar wuta daga bango kafin ka sa hannu.

Mai gyaran kwamfuta, daga Zariya

Injiniya, na yarda da gwajin nan ɗari bisa ɗari, amma ban yarda a fara tsoratar da shi da lanƙwasasshiyar ƙafa ba. A shagona na fi ganin wannan alamar daga yawan ɗaure sukuru. Doguwar na'ura tana da nauyi, sai mutum ya ga kamar sai ya ɗaure ta iya ƙarfinsa, madabod ya ɗan lanƙwashe a kewayen soket, hanyar RAM guda ta yanke. Na sha sassauta sukuru kaɗan RAM ya dawo cif. Kuma wannan bayanin zai iya haɗa har da zafin: idan aka ɗaure gefe ɗaya har ƙarshe kafin a taɓa ɗayan, ƙasan na'urar yana karkacewa, ya danne gefe guda ya bar ɗayan da tazara. Malam, ka duba kuma 'yan zobban roba da ake sawa ƙarƙashin ƙarafan ɗaurin. A kwali ɗaya ake zuba na AMD da na Intel, tsawonsu ya bambanta, har na Intel ɗin ma na soket LGA1700 daban yake da na LGA1200. Idan ka sa wanda ya fi tsawo, na'urar ba za ta sauka sosai a kan furosesa ba ko da ka ɗaure sukurun har ƙarshe. Ga AM4, galibin waɗannan na'urori suna amfani da farantin ƙarfe na asali da ke bayan madabod, don haka ka tabbata yana nan a wurinsa.

Injiniya, daga Abuja

Maganarka tana kan hanya, Malam, kuma ba ta kore tawa ba, tunda ko ta wane hali sai ya ɗaga na'urar. Abin da zan roƙa shi ne, idan ya ɗaga kada ya goge man nan take, ya fara kallon yadda ya bazu. Man da ya kwanta siriri a dukan fuskar furosesa yana nuna haɗuwar ta yi kyau. Idan gefe ɗaya ya matse har ana ganin ƙarfe, ɗayan kuma man yana nan da kauri, to ɗaurin ne ya karkace. Kuma wannan karon ya bar kwamfutar ta yi aiki na 'yan mintoci domin man ya yi laushi, ya kashe, ya kwance sukurun, sannan ya murza na'urar hagu da dama a hankali kafin ya ɗago, kada ya ja ta sama kai tsaye.

Wani mai haɗa kwamfutocin wasa, daga Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Ni a kan zafi kawai zan yi magana, domin kada Malam ya gyara komai sannan ya ci gaba da zargin na'urarsa. Na'urar sanyayawa ta iska ba ta iya sauke furosesa ƙasa da zafin ɗakin da take ciki. Yawancin alƙaluman da ake gani a bidiyoyin gwaji an ɗauke su ne a ɗaki mai sanyi, digiri ashirin da 'yan kai, alhali a Kano ko nan Maraɗi a watan Afrilu waje yana haura digiri 40, ɗakin da babu na'urar sanyaya ɗaki kuma ba ya nisa da haka. Duk digirin da ɗaki ya ƙaru, kusan haka furosesa take ƙaruwa. Bayan wannan, Ryzen na jerin 3000 da suka fito a 2019 an san su da tsallen zafi ko ba a aikin komai, domin ƙwayar da ke lissafi ƙarama ce ƙwarai, zafin yana taruwa a wuri guda, sai ka ga ta yi tsalle da digiri goma ta sauko cikin daƙiƙoƙi. Iyakar da AMD ta sa wa 3600 ita ce digiri 95, a nan take rage gudunta domin kare kanta. Saboda haka kada ka auna da zaman banza. Ka buɗe manhajar HWiNFO64 mai nuna zafi, ka kunna manhajar Cinebench mai ɗora wa furosesa aiki mai nauyi na minti goma, ka rubuta zafi mafi girma da gudun da furosesar ta riƙe. Ka duba kuma fuskar fankar: ya kamata ta tura iska ta ratsa ƙarafan zuwa bayan akwati inda fankar fitarwa take. Gefen da ke da sandunan roba masu riƙe da injin fanka, ta nan iska take fita.

Mai tambaya

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga abin da na samu. Sandunan RAM biyu duk sun tashi a A2, amma a B2 fitilar DRAM ta tsaya, kamar yadda Injiniya ya faɗa. Da na ɗaga na'urar, man ya matse a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma yana nan da kauri, wato maganar Malam na Zariya. Zobban na AM4 ne, farantin baya yana nan. Na fito da furosesar na haska ta da fitilar waya ta gefe, sai na ga ƙafafu biyu a kusa da baki sun kauce daga layi, ba su karye ba. Ban yarda da hannuna a kan wannan ba, sai na kai ta wajen wani mai gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a nan Kano da ke da madubin ƙara girma, ya miƙar da su a hankali da siririn ƙarfe. Da na dawo na ɗaga sandar soket, na daidaita alamar kusurwa, furosesar ta faɗa da kanta ba tare da na danna ba. Na goge tsohon man da sifirit, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, na ɗaure sukurun biyu bi da bi, juyi kaɗan nan, juyi kaɗan can, har suka tsaya da kansu.

Yanzu Windows yana ganin 16GB cif, kuma a gwajin minti goma zafin bai wuce digiri 76 ba da rana tsaka. Abu ɗaya ya rage: RAM ɗin yana nuna gudun 2133 maimakon 3200 da aka rubuta a jikinsa. Ko wannan ma daga ƙafafun ne?

Injiniya, daga Abuja

Alhamdu lillahi, Malam. Wannan ba lallai ne daga ƙafafun ba. Idan madabod ya kasa tayar da RAM sau da yawa a jere, ko aka cire furosesa aka mayar, yakan koma saitinsa na asali, sai RAM ya sauka zuwa gudunsa na tushe. Ka shiga BIOS ka kunna XMP, wato saitin da ke sa RAM ya yi gudun da aka rubuta a jikinsa, wanda wasu madabod na AMD suke kira DOCP ko A-XMP, ka zaɓi 3200, domin wannan gudun yana cikin abin da 3600 take ɗauka a hukumance. Ka tabbata sandunan suna A2 da B2. Tunda an taɓa miƙar da ƙafafun da ke kan hanyar RAM, ka sa manhajar gwajin RAM ta MemTest86 a filasha ka bar ta ta zagaya sau huɗu kafin ka ɗora aikin mutane a kan kwamfutar. Idan kuskure ya fito a 3200 amma bai fito a 2133 ba, ka gwada 2933, sannan ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani.