Lallena ya ƙi buɗe fure, me ke kawo haka?

Assalamu alaikum. Don Allah masana lambu ku taimaka min.

Shekara biyu ke nan da na dasa reshen lalle guda uku a bayan gida, ba don ganyen ba, don ƙamshin furen nan da ke jan zuma, saboda ina da amya ɗaya da bishiyar lemo a wajen. Sun kama, sun kai min kafaɗa, ganye kore shar. Amma duk sanda suka fitar da toho na fure, sai ya yi baƙi ya bushe, ya zube tun bai buɗe ba. Ganyen ƙasa kuma ya fara rawaya.

Na rage ban ruwa zuwa sau biyu a mako. Na zuba kashin kaji, sai ganye kawai ya ƙaru. Na hana matan gida tsinkar kan rassan, har aka yi fushi da ni. Shiru.

Abin haushin, na maƙwabcina da ko kallonsa ba ya yi, zuma sai kuka take a kansa. Nawa dai ƙasarsa laka ce, kuma katanga na kare masa rana har azahar.

Inuwar ce ke zubar da tohon, ko lakar ce ke riƙe ruwa?