Makin JAMB ya isa a zaɓi ɗalibin likitanci?

Uban Yara:
Jama'a, yaro kan shiga da maki mai yawa a JAMB, amma ya faɗi jarrabawar MBBS (digirin likitanci) ta Anatomi (tsarin sassan jiki), Fisiyoloji (yadda jiki ke aiki) da Bayokemistiri (sinadaran jiki). Laifin zaɓen ne ko na koyarwar?

Malamin Anatomi:
Duka biyun, Alhaji. JAMB tana gwada Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fizis da tambayoyin canki-canka, mai ƙarfin hadda zai iya haye su. A jami'o'in tarayya kashi 45 na gurabe na cancanta ne, 35 na yankin jami'a, 20 na jihohin da ke baya a ilimin boko. Babu inda ake auna juriyar karatu ko iya sauraron majinyaci.

Likitan Yara:
Malam, a ƙara da cunkoso. MDCN, hukumar da ke kula da aikin likitanci a Najeriya, ta ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗalibanta gwargwadon malamai da gadajen asibitin koyarwa. Idan aka zarce, ɗalibai sukan yi dandazo a kan gawa ɗaya, na baya ba ya ganin jijiyar da ake nunawa, sai ya koma haddar takardu.

Malama Mai Jarrabawa:
Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara wata hanyar koyar da ɗaliban likitanci a 1969: ƙaramin rukuni, a ba su labarin majinyaci, su gano abin da suke buƙatar sani, su bincika, su dawo a tattauna. Tana kaifafa tunani, amma sai da jagora horarre. In babu shi, biyu ke magana, sauran sun yi tsit, ko malamin ya mayar da zaman lacca.