Balaga da samartaka: taƙaitaccen abin da aka tattauna

An yi doguwar tattaunawa kan balaga da samartaka, ga abin da na tsinta.

Inda baki ya zo ɗaya:

1. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shekarun tasowa daga 10 zuwa 19. Balaga kan fara wa mata tsakanin 8 da 13, maza 9 da 14. Kada iyaye su jira sai alamu sun bayyana kafin su fara yi wa yaro bayani.

2. Jiki na riga hankali girma. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako da danne sha'awa, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Wannan batu ya fi taɓa ni, domin yaron da ake gani ya cika mutum har yanzu yana buƙatar mai jan hankalinsa.

3. Rigakafin HPV, ƙwayar cutar da ake ɗauka ta hanyar jima'i mai jawo sankarar bakin mahaifa, ya fi amfani tsakanin shekara 9 da 14.

Inda aka rabu:

Wasu na tsoron ilimin jima'i zai buɗe wa yara ido. Wasu suka kawo nazarin UNESCO (hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya) na 2018, wanda ya nuna ilimin ba ya sa yara su fara jima'i da wuri. Ba a daidaita kan wa zai koyar ba, iyaye ko malamai.

An kuma ja kunne kan alƙaluman bincike game da jima'in matasa: matasan ne ke ba da amsa da bakinsu, maza kan ƙara a kan abin da suka yi, mata kan rage.