Neman shawara: hanyar burji ta keke a bayan Jos, inda babu motoci

Abu Safwan:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon bayani. Wata bakwai ke nan da aka yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Jos. Likita ya ce jinina yana hawa, in nemi motsa jiki, kuma gwiwata ba ta son gudu, shi ya sa na koma keke. Yayana ne ya ba ni nasa, irin na tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, na gwanjo ne amma lafiyarsa ƙalau. Da farko titin Bauchi nake bi bayan asuba, har ranar da wata tifa ta matse ni na faɗa kwata. Tun daga nan maiɗakina ba ta da kwanciyar hankali, ni ma gabana faɗuwa yake in na ji ƙarar babbar mota a bayana. Sai na gwada hanyar burji ta wajen Lamingo, ɓangaren duwatsun Shere. Fita biyu, faci uku, kuma a hawa na biyu sauka na yi na tura. Ina so in riƙa yin kilomita 60 duk Asabar ba tare da na haɗu da mota ba. Wace hanya zan bi, me kuma zan gyara a keken?

Oga Mai Gyara:
Wa alaikumus salam. Malam, ba ka faɗi abu uku da ake buƙata ba: lambar da ke jikin tayarka, yawan haƙoran giyarka gaba da baya, da nauyinka. Amma daga bayaninka na gane ciwon. Duba tub ɗin da ya fashe. In ka ga huda biyu a jere kamar saran maciji, ba ƙaya ba ce, dutse ne ya matse tub a jikin rim. Haka taya mai faɗin milimita 23 ko 25 take yi a burji: ka rage iska ta fashe, ka cika iska ta riƙa tsalle tana sulɓewa. Burji na son milimita 38 zuwa 45, kuma birkin keken tsere, wanda ke rungume taya ta sama, da ƙyar yake karɓar abin da ya wuce 28.

Batun turawa kuwa, ba ƙarfinka ne ya gaza ba. Tsofaffin kekunan tsere ƙaramin farantin giyarsu na gaba haƙora 39 ko 42 ne, babban na baya 25. Da 42 da 25, duk zagayen feda ɗaya mita uku da rabi kake turawa. Keken dutse mai taya inci 26, da faranti 22 a gaba da 32 a baya, bai kai mita ɗaya da rabi ba. A tudun da tsakuwa ke gudu ƙarƙashin taya dole ka hau a zaune, domin kana miƙewa tayar baya za ta yi ta juyawa a banza, kuma a zaune ba za ka iya murza 42 da 25 da gwiwa mai ciwo ba. Ka sayar da shi ka sayi keken dutse na gwanjo. Magana ta ƙare.

Abu Safwan:
Na gode Oga. An rubuta 700x25 a jikin tayar, nauyina kilo 84. Amma sayarwa ba za ta yiwu ba, kyautar yayana ce. Kuma ba shi da nauyi, da hannu ɗaya nake ɗaga shi.

Ɗan Lamingo:
Oga ya yi gaskiya a lissafi, amma ba sai an kai ga sayarwa ba. Ka auna tazarar da ke tsakanin taya da ƙarfen keke a wuri uku: ƙarƙashin birkin gaba, ƙarƙashin na baya, da can ƙasa bayan feda. In taya 28 ko 30 za ta shiga ta bar aƙalla milimita 4 kowane gefe, ka sa ta. A baya ka sa giya mai haƙora 32 ko 34, sai dai dole ka canza ƙarfen sauya giya zuwa mai dogon hannu, ka kuma sa sabuwar sarƙa mai tsawon da ya dace, in ba haka ba ranar da ka haɗa babban faranti na gaba da babban na baya, ƙarfen zai karye.

Hanya kuma, ka manta da kilomita 60 tukuna. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere ta haura 1,800, wanda ya taso daga Kano sai numfashinsa ya saba. A burji mai hawa da gangara, kilomita 12 zuwa 14 a awa shi ne gudun mai farawa, wato 60 ɗinka awa biyar ce. Ka fara da 20. Ɓangaren Shere dutse ya yi yawa ga tayarka. Kudu, wajen Rayfield zuwa bayan Bukuru, ƙasar ta fi shimfiɗa, akwai tsofaffin hanyoyin haƙar kuza, burjinsu ya daddale. Ka buɗe taswirar tauraron ɗan'adam a waya, jan layi mai faɗi shi ne burji, siriri fari hanyar ƙafa ce. Kafin ka shiga da keke ka ɗauki ɗan acaɓa na yankin ya zagaya da kai sau ɗaya.

Oga Mai Gyara:
Taya 28 a ƙarƙashin mutum mai kilo 84, sai ya ba ta iska wajen PSI 70 a ma'aunin famfo kafin ta daina saran maciji. A wannan iskar, a gangara mai gargada, hannunsa zai mutu kafin ya kai ƙasa. Keken dutse mai faɗin taya inci 2 yana tafiya da PSI 30 zuwa 35, ya kwanta a kan tsakuwa. Kuɗin taya biyu, giya, ƙarfen sauyawa da sarƙa, in ka tara, ka kusa sayen keken da na ce. Abin da ke ɓata mini rai ke nan da masu kawo gwanjo, suna tura wa mutane keken tsere don ya fi kyan gani, ba sa tambayar inda za a hau shi, kayan gyaransa ma sai an sha wahala.

Malam na Bukuru:
Ban yarda a ce masa kudu babu mota ba. Duk inda ake ɗibar yashi ko haƙar ma'adini akwai tifa, kuma a burji ta fi haɗari, ƙurarta tana rufe ka direba na baya bai gan ka ba. Su ne suka lalata hanyoyin ma, ba mai gyarawa, kwalbati ya karye shekara da shekaru sai dai a kewaye. In ka ga sawun manyan tayoyi biyu da tudu a tsakiya, hanyar tifa ce, ka canza. In ka ji ta tafe, ka sauka gaba ɗaya ta ɓangaren da iska ke fitowa. Kududdufan kuza kuma kada ka matsa bakinsu, suna da zurfi kuma gefensu na zabtarewa. Shingen ƙyarana da ke kewaye gonaki, kada ka jingina keke a jikinsa, ƙayarsa na huda taya, farin ruwansa in ya shiga ido bala'i ne.

Maman Ikram:
Duk kuna ta maganar taya, ba wanda ya tambaye shi da wa zai fita. Malam, kai baƙo ne a garin nan. Yankunan Riyom, Barikin Ladi da Bassa sun sha fama da rikici, kuma labari yana canzawa cikin kwana ɗaya. Kada ka shiga ƙauyen da ba a san ka ba kai kaɗai da duhun asuba. Ku zama uku aƙalla, ku fita bayan gari ya waye, ku gaida mutane, ku tambayi masu shago ko hanya lafiya. A bar wa na gida sunan hanya da lokacin dawowa, domin bayan duwatsu sabis na ɗaukewa. Ga mai hawan jini kuma, ka koma wurin likitanka ka gaya masa tudu za ka riƙa hawa. Ruwa rabin lita zuwa sama duk awa, ko da sanyin hunturu ya hana ka jin ƙishi.

Abu Safwan:
Hajiya na gode, amma ban san kowa mai keke a nan ba, kuma asuba ce kaɗai lokacina, ƙarfe tara nake kai yara Islamiyya. Wani ya ce in mayar da tayar tublas, wato mara tub, wai faci ya ƙare.

Ɗan Lamingo:
Tublas na maganin ƙaya da saran maciji, amma sai rim da tayar duk an yi su don haka. Ana zuba ruwan toshe huda kamar mililita 60 a taya mai faɗi, kuma a bushewar hunturu ka duba shi duk wata biyu.

Oga Mai Gyara:
Kada ka gwada shi a tsohon rim ɗin nan, taya na iya fita a gangara. Ka riƙe tub biyu, faci da sholisho, famfo, makullan alan 4, 5 da 6, da mahaɗin sarƙa. Kada ka sa wa sarƙa baƙin mai, yana kama jar ƙasa ya zama kamar sanfefa, ya cinye haƙora. Ka goge ta da tsumma bayan kowace fita, ɗigo ɗaya na man sarƙa a kowace gaɓa, ka share na sama. A gangara ka ja jikinka baya, ka rage gudu kafin kwana, cikin kwana kada ka damƙi birkin gaba. Daga Yuli zuwa Agusta kuwa, da tazarar milimita 4, laka za ta cushe birkinka tayar ta tsaya cak. Ina nan a kan bakana.

Abu Safwan:
Na auna, ƙarƙashin birkin baya tazarar kamar milimita 5 ce da tayar da ke kai yanzu. Ke nan 28 za ta shiga? Ni dai ɓangaren Shere ya fi kwanta mini, ya fi kusa da gida. Akwai wanda zai fita ranar Asabar?

Malam na Bukuru:
Ka fara faɗa mana unguwar da kake.