Na bar sayar da atamfa, ya zan yi da lambobin kwastomomina?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Tun lokacin kullen korona a 2020 na fara sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, in saro a Kantin Kwari in ɗora a sitatus, wacce ta zaɓa ta turo kuɗi, na cikin gari in ba mai adaidaita sahu, na nesa kuma in kai tashar Unguwa Uku. To tun da aka cire tallafin mai a 2023 dala ta yi sama, kaya suka yi tsada har jarina ya kasa ɗauka, turmi biyar sai ya yi wata a ɗaki ba a taya ba. Yanzu na koma abin da na iya tun a gidanmu, garin kunun gyaɗa da garin ɗanwake da yajin daddawa, gyaɗa da wake a Dawanau ake siyo min, kuma Alhamdulillah maƙota suna siya. Damuwata lambobi ne kusan 900 a wayata, duk na masu siyan atamfa, shekara da shekaru ina tara su. In tura musu tallan garin kunu ne ko in bar su in fara daga farko? Kuma wata mai sayar da leshi ta ce tunda na bar harkar in sayar mata da lambobin, har ta yi min tayin kuɗi, wlh ina buƙatar kuɗin amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Ummu Aisha:
Wa'alaikumussalam, ni dai a ganina tura musu kawai yar uwa, matar da ke siyan atamfa ai ita ce ke dama kunu da safe, ba wasu mutane daban ba ne. Ga azumi in ya zo kowane gida sai an nemi garin kunu.

Anti Bilki:
Maman Hanif ƙanwata, zancen sayar da lambobin nan ki cire shi a ranki gaba ɗaya. Matan nan ke suka ba wa lambarsu don sun yarda da ke, wasu matan aure ne da ko lambarsu ba sa bai wa kowa, wasu har kwatancen gidansu suka turo miki saboda kai kaya. In gobe baƙuwa ta fara damunsu da hotunan leshi suka tambaye ta ina ta samu lambar ta ce wajenki, kin ga ko yajin naki ba za su ƙara kallo ba, kuma Kano ce, magana ba ta wuyar zagayawa daga gidan biki zuwa gidan suna. In kina son taimaka wa mai leshin, ki ɗora lambarta ITA a sitatus ɗinki, mai so ta neme ta da kanta, in ma za ku yi yarjejeniya ta ba ki wani abu a kan duk wacce ta je ta hanyarki wannan tsakaninku ne. Sai batun talla, Ummu Aisha tana da gaskiya mutanen ɗaya ne, amma ni ban yarda a wayi gari kawai a fara zuba musu hotunan gari ba. Ki rubuta saƙo ɗaya tal, ki gaishe su, ki gode musu, ki faɗa musu gaskiya kin bar atamfa ga abin da kike yi yanzu, wacce ke son ci gaba da ganin kaya ta amsa da "ina so". Wacce ta yi shiru ki ƙyale ta. Na yi haka lokacin da na koma turaren wuta daga kayan yara, waɗanda suka amsa ba su kai rabi ba kuma ranar na ji ba daɗi, amma su ne har yau suke riƙe da kasuwata, su suke kawo min 'yan uwansu.

Abban Sadiq:
Hajiya ƙari a kan na Anti, ki sani jerin aikawa na WhatsApp mutum 256 yake ɗauka, ke nan 900 sai kin kasa su huɗu, kuma wanda bai adana lambarki a wayarsa ba saƙon ba zai isa gare shi ba, don haka kar ki ɗauka duk shirun ƙi ne. Kar kuma ki kwashe su ki zuba a guruf ba da izininsu ba, kowa zai ga lambar kowa, kuma in mutane da yawa suka kai ƙararki ko suka toshe ki WhatsApp na iya rufe layin, layin da duk kasuwarki ke kai. In WhatsApp Business kike amfani da shi akwai alamar da ake liƙa wa kwastoma, ki yi ɗaya ta masu atamfa ɗaya ta masu gari. Lambar wayar kar ki canza, sunan da hoton kawai za ki canza, shi ma bayan saƙon ya fita da kwana biyu don kar su ga baƙon suna su goge.

Barista Zee:
Anti ta gama magana, ni dai in ƙara cewa har doka akwai. A watan Yunin 2023 aka sa hannu a dokar kare bayanan mutane ta Najeriya, kuma akwai hukumar NDPC da ke kula da ita. Lambar waya da adireshi suna cikin bayanan da take karewa, abin da aka ba ki don cinikin atamfa bai kamata ya koma hannun wata ba sai da yardar mai shi, kuma duk wacce ta ce ki daina turo mata talla haƙƙinta ne ki daina.

Maman 'yan biyu:
Allah ya sa albarka a sabuwar sana'a. In za ki fara ƙullawa a leda mai suna kina kai wa shaguna ki nemi rajistar NAFDAC da wuri. Nawa ne mudun garin ɗanwaken?

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Na kira mai leshin na ba ta haƙuri, na ce zan ɗora ta a sitatus ran Juma'a kuma ta yarda. Jiya bayan isha na tura wa rukunin farko saƙon yadda Anti ta ce, zuwa yanzu mutum 41 sun amsa, biyu sun ce in cire su na cire, wata Hajiya a Zariya ma har ta yi odar yaji kwalba uku. Sauran ukun zan bi su ɗaya bayan ɗaya cikin satin nan don in samu damar amsa wa kowa da kaina. Maman 'yan biyu duba wayarki na turo miki farashin.