Autana yana so ya shiga seminari, na rasa inda zan sa kaina

Uwar Auta, Sabon Tasha: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kwana uku ke nan ban runtsa ba. Maigidana ya rasu shekara takwas da suka wuce. A masaƙa yake aiki a Kakuri, tun da aka rufe bai sake samun abin kirki ba, ya yi gadi, ya yi acaɓa, har hawan jini ya kwantar da shi. Ya bar min 'ya'ya mata uku da namiji ɗaya, shi ne auta. Da masa da kunun zaƙi na riƙe su. Ɗakuna biyun da ya gina ma baffanninsu sun so su karɓe, da ƙyar dattawa suka ce a bari saboda akwai magaji. To magajin nan ne, shekararsa 19, ya durƙusa gabana ran Lahadi ya ce, "Mama, ina jin kira," wato yana so ya shiga seminari, makarantar horon Fada. Tun yana ɗan shekara 9 yake hidima a bagade, ƙarfe biyar na asuba zai hura gawayi ya goge farar rigarsa ya tafi Misa ko da ruwa ake. Na ɗauka son coci ne kawai. Na riga na biya kuɗin JAMB, na kai shi koyon haɗa sola. Farish tana taimaka wa irin yaran nan da kuɗi, ko duk kaina zai faɗo? Kuma me zan ce wa baffanninsa?

Baba Katikis mai ritaya: 'Yata, godiya ya kamata ki yi, ba kuka ba. Hannatu da ɗa ɗaya ta kai Sama'ila gidan Ubangiji, ba ta tsaya neman shawarar baffanni ba. Maganar kuɗi ki cire ta. Fadan farish zai rubuta masa wasiƙa, ya haɗa da takardar baftisma da ta tabbatarwa da sakamakon WAEC mai kyau, har da Turanci da lissafi, ya je gaban Fadan da ke kula da masu kira a yi masa tambayoyi. In daiosis, wato yankin Bishop, ta ɗauke shi, ita ce da kuɗin makaranta. Shekara ɗaya ta horon ruhaniya, huɗu falsafa, ɗaya aikin farish, huɗu tauhidi. Ke sabulu ne naki da kuɗin mota.

Maman Zumunta, Narayi: Baba, sabulun nan da kake rainawa shekara goma ne fa. Mu Zumuntar Mata mu muka san nauyinsa. Lahadi ta huɗu ta Ista a yi baiko na biyu don masu kira, a yi wa'azi mai daɗi, shi ke nan sai baɗi. In ɗan seminari ya zo hutu mu ne garin kwaki, mu ne man gyaɗa. Amma ranar naɗi kowa ya ɗinka anko, masu kuɗi su haɗa mota su ɗau hoto. Ni 'yata ta so zama Sista, ko mutum ɗaya a kwamitin coci bai tambaye ta ya ake ciki ba. Yanzu tana Legas tana gyaran gashi.

Wanda ya dawo daga hanya: Mama, ki bar shi ya yi jami'a tukuna. Na yi shekara huɗu a falsafa na fita da ƙafata. Waɗanda suke kira na Fada tun ban kai ko dikon ba, matakin da ke kafin zama Fada, su ne suka daina amsa gaisuwata. Wata ta ce a gaban mahaifiyata wai na ci kuɗin coci na gudu. Har farish muka canja.

Baba Katikis mai ritaya: Ɗana, naka daban. Kira ba ya jiran digiri. Na ga yara da yawa da aka ce su yi jami'a tukuna, ko ɗaya bai dawo ba.

Wanda ya dawo daga hanya: To wataƙila dama ba nasu ba ne, Baba.

Ɗan CYON (ƙungiyar matasan Katolika), Gonin Gora: Ni abin da ban ji ba, Mama, shi yaron ya ga Fada kuwa? WAEC ɗinsa ya fito lafiya?

Uwar Auta, Sabon Tasha: Ya ci komai. Bai kai takardu ba tukuna, katin baftismarsa yana wurina, a ƙasan akwati cikin zannuwan aurena. Na ce masa ya ɓata lokacin da ruwa ya shiga ɗaki. Kada ku zage ni. Ina raye aka shiga seminarin Good Shepherd da ke Kakau da dare a Janairun 2020, aka ɗebi yara huɗu, uku suka dawo, Michael Nnadi ɗan shekara 18 gawarsa aka samu. A 2023 kuma aka ƙone ɗan seminari cikin gidan Fada a Fadan Kamantan. Wanda bai haifa ba ne zai ce min Hannatu.

Baba Katikis mai ritaya: Na haifi bakwai. Kin yi wa yaro ƙarya a kan sakramenti, ki je ki furta. Kuma ɓoye kati aikin banza ne, sunansa yana cikin rajistar farish ɗin da aka yi masa baftisma, gobe ya je a rubuta masa wani. Waɗanda ake sacewa a hanyar Abuja duk 'yan seminari ne? Mai sola ba ya shiga daji aiki?

Uwar Auta, Sabon Tasha: To ka gaya masa ke nan, Baba, don ƙanwar ubansa tana cikin zauren nan. Ni ban hana shi ba, jinkirta shi na yi. Shekara ɗaya kawai nake so ya ƙara tunani. Ba ku ne za ku zauna da baffanni ba ranar da suka ce tun da ba zai yi aure ba gida ya koma hannunsu.

Ɗan CYON, Gonin Gora: Mama tana da gaskiya ta wani ɓangaren. Tsarki ba sai da doguwar riga ba. Carlo Acutis yana da shekara 15 ya rasu a Italiya a 2006, bai taɓa shiga seminari ba, Fafaroma Leo na 14 ya sa shi cikin tsarkaka a Satumban 2025. Amma ku zauna da Fada ku uku, ki faɗa masa tsoronki da bakinki.

Maman Zumunta, Narayi: Wane Fada? Namu sai ka yi sati biyu kana zarya ofis, kullum yana mitin.

Baba Katikis mai ritaya: A daina sukar shafaffu a fili. 'Yata, fito da kati yau.

Uwar Auta, Sabon Tasha: Na ji. Bari JAMB ta fito mu gani. Har yanzu dai ba wanda ya ce min komai a kan gidan.

Maman Zumunta, Narayi: Allah ya kawo mafita. Af, yaron naki ya iya haɗa sola sosai? Batirinmu ya daina riƙe wuta tun watan jiya.